Mai Ciwon Suga a Ɗakin Tazarar Haihuwa: Daga Buɗe Kati Zuwa Ranar Cirewa

Mace mai ciwon suga ba ta cika shigowa ɗakin tazarar haihuwa don raɗin kanta ba. Yawanci likitan da ke duba suganta ne yake turo ta da 'yar takarda, ko kuma daga ɗakin haihuwa ta biyo, bayan an sha fama an ciro yaro mai nauyin kilo 4 da ɗoriya. Tana zama, tun ba a buɗe kati ba, tambayar da take fara yi kusan ɗaya ce: "Sista, an ce masu suga ba sa yin tazara, wai maganin yana tayar da ciwon. Da gaske ne?"

Ba haka ba ne, kuma nakan faɗa mata wannan kafin komai, domin in tsoron nan yana ranta ba za ta ji sauran bayanin ba. Akwai hanyoyin da suka dace da kowace mai suga, komai daɗewar ciwon. Akwai kuma guda biyu da sai an duba jikinta sosai kafin a ba ta. Abin da ya fi su duka haɗari shi ne cikin da ya shiga ba shiri alhali suga yana sama. Zuciyar ɗan tayi da ƙwaƙwalwarsa da lakar bayansa suna ginuwa ne a makonni 8 na farko bayan shigar ciki, lokacin da mace da yawa ba ta ma tabbatar ta yi ɓatan wata ba. In suga ya yi yawa a waɗannan makonnin, haɗarin ɓari da na tawayar halitta yana ƙaruwa, kuma zuwa awo a wata na huɗu ko na biyar ba ya gyara abin da ya riga ya ginu. Shi ya sa ba na so mai suga ta tashi daga gabana hannu rabbana, ko da abin da za ta riƙe na wucin gadi ne.

Tambaya ta farko ita ce shekara nawa da ciwon. Iyakar da ake lura da ita shekara 20 ce. A nan ana yawan yin kuskure iri biyu. Yarinya 'yar shekara 28 da aka gano mata suga tana shekara 7, tana allurar insulin tun lokacin, ta riga ta haura iyakar, amma ganin ƙuruciyarta sai ya sa a ɗauka komai lafiya. Ita kuma mai nau'i na biyu, wanda yake zuwa a girma, za ta ce shekara uku ke nan da aka faɗa mata, alhali ciwon yakan yi shekaru yana ɓarna a ɓoye kafin a gano shi. Saboda haka ba na tsayawa kan ranar da aka gano. Nakan tambaye ta yaushe ta fara yawan tashi fitsari da dare, yaushe ƙishirwa ta fara damun ta, ko an taɓa ce mata suganta ya hau a wani ciki na baya.

Daga nan sai in ce ta zazzage jakar maganinta a kan tebur, har da kwalayen da suka ƙare. Kwali ya fi baki faɗin gaskiya, don "ƙaramar farar ƙwayar nan" ba suna ba ne. In na ga lisinopril ko losartan, na san tana da hawan jini ko an fara kare mata ƙoda, kuma magunguna ne da ke cutar da ɗan tayi, don haka tana buƙatar hanyar da ba ta kuskure. Maganin kitsen jini irin su atorvastatin shi ma ana dakatar da shi in ana neman ciki. In na ga rifampicin, maganin tarin fuka, wanda masu suga suka fi sauran mutane kamuwa da shi, to ƙwayoyin tazara ba za su riƙe ta ba, ashanar fata, tsinken tazarar da ake sawa a ƙarƙashin fatar damtse, ita ma ƙarfinta yana raguwa, domin maganin yana sa hanta ta ƙone sinadarin hana cikin da sauri. Haka magungunan farfaɗiya irin su phenytoin da phenobarbitone da carbamazepine suke yi. Wannan na ƙarshen a lura da shi: maganin farfaɗiya ne, amma ana rubuta wa wasu masu suga shi don zafin ƙafa, sai mace ta rantse ba ta shan maganin farfaɗiya, kuma gaskiyarta ce. Allurar wata uku da robar mahaifa su ne waɗannan magungunan ba sa taɓawa. Nakan kuma tambayi na gargajiya, shuwaka ko garahuni ko wani jiƙo, saboda wasu suna ajiye na asibiti su koma kansu ba tare da sun faɗa wa kowa ba.

Sauran tambayoyin duk a kan jijiyoyin jini suke. Ganinta ya ragu, ko an taɓa duba mata cikin ido aka ce suga ya taɓa shi? Ƙafafunta suna kumbura, fitsarinta yana kumfa? Tafin ƙafa yana mata zafi kamar ta taka garwashi, ko yana dundurusu, ko silifa yana fita ba ta ji ba? Ta taɓa samun shanyewar ɓarin jiki, ko ciwon zuciya, ko gudan jini a ƙafa? Tana ciwon ɓarin kai mai farawa da walƙiya ko dishi-dishi a ido? Tana shan taba ko shisha? Wannan ta ƙarshen nakan yi ta ne a hankali, in ba kowa a kusa.

Sai awo. Hawan jini shi ne awon da ba a tsallakewa. Ta zauna ta huta minti 5, baya a jingine, ƙafa a ƙasa, hannu daidai ƙirji. In damtsenta babba ne a nemo babban maɗauri, domin ƙarami yana ƙara lamba, sai a hana mace abin da ya dace da ita a kan ƙarya. Awo ɗaya ba ya yanke hukunci, ana maimaitawa. Sannan nauyi, sannan ɗigon jinin yatsa. Na'urorin gida sun bambanta, wata tana nuna 7, wata 126, kuma abu ɗaya ne: ana ninka ƙaramar lambar sau 18. Wadda ta zo da takardar gwaji daga Maraɗi ko Damagaram za a ga an rubuta 1,26 ne, domin can da giram a lita ake lissafi. In tana da sakamakon HbA1c, gwajin da ke nuna matsakaicin suga na wata biyu zuwa uku, ya fi ɗigon yatsa amfani, sai dai yana yaudara ga mai ƙarancin jini da mai sikila. A tsoma tsinken gwaji a fitsari a ga ko akwai furotin. A cire mata takalmi da safa a duba tsakanin yatsu, a taɓa tafin ƙafa da zaren gwaji mai nauyin giram 10 tana rufe da ido.

Ba kowace cibiya ke da duk waɗannan ba, kuma ba kowace mace ke da kuɗin gwajin ƙoda ko na ido a ranar ba. Rashinsu ba dalilin sallamar ta ba ne, kuma ga dalili.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta kasa dacewar kowace hanya gida huɗu, kuma akwai ɗan faifai mai juyawa da muke ajiyewa kan tebur don duba wannan. Lamba 1, a bayar ba wani shinge. Lamba 2, amfanin ya rinjayi haɗarin, a bayar. Lamba 3, haɗarin ya rinjayi amfanin, ba a bayarwa sai in babu wata hanya kuma da idon likita a kai. Lamba 4, ba a bayarwa sam. Wadda suganta na ciki ne kawai, ya tafi bayan haihuwa, duk hanyoyin lamba 1 ne a gare ta ta fuskar suga. Wadda take da ciwon amma bai taɓa ido ko ƙoda ko jijiya ba, kuma bai kai shekara 20 ba, ko tana insulin ko ba ta yi, robar mahaifa mai jan ƙarfe lamba 1 ce, duk sauran lamba 2. Wadda ciwon ya taɓa mata ɗaya daga cikin waɗannan, ko ya haura shekara 20, ƙwaya mai sinadari biyu ta koma 3 ko 4 gwargwadon tsananin, allura ta koma 3. Amma ashanar fata, da ƙwaya mai sinadari ɗaya, da robar mahaifa mai sinadari suna nan a 2, mai jan ƙarfe tana nan a 1. Ma'ana, waɗannan huɗun ba sa jiran sakamakon ido ko na ƙoda. Ana iya ba ta yau, ta je gwajin gobe.

Ƙwaya mai sinadari biyu, irin su Microgynon, matsalarta istirojin ne, ɗaya daga cikin sinadaran biyun. Yana ƙara wa jini saurin daskarewa, yana ɗaga hawan jini ga wasu. Jijiyar da suga ya riga ya ci cikinta ba ta buƙatar ƙarin wannan nauyin. Matashiya mai suga wadda jininta bai hau ba, ba ta shan taba, ido da ƙoda lafiya, za ta iya sha. Amma in awonta ya kai 140 bisa 90, ƙwayar ta zama lamba 3, in ya kai 160 bisa 100 ta zama 4. Ko da magani ya daidaita hawan jinin, tana nan a 3. Mai ciwon ɓarin kai da walƙiyar ido ba ta sha ko kaɗan. In abubuwa suka taru wa mace ɗaya, ga suga, ga shekaru sun ja, ga hawan jini, ba a lissafa su ɗaya-ɗaya, tarin nasu ne yake fitar da ita daga wannan ƙwayar. Abin da ke damu na shi ne ita ce mafi sauƙin samu a kemis, inda ba mai ɗaura wa kowa ma'aunin jini.

Allura ita ce wadda aka fi zuwa da sunanta a baki. Dalilan a fili suke: sau ɗaya a mako 13, ba kwali a ɗaki da kishiya ko uwar miji za ta gani, ga kuma Sayana Press da mace za ta iya koyon yi wa kanta a ciki ko cinya, abin da ba baƙo ba ne ga mai insulin. Ga wadda jijiyoyinta ke lafiya ba laifi. Amma nakan zauna da ita a kan abu uku. Tana ƙara ƙiba, kusan kilo 1 zuwa 2 a shekara ga mata da yawa, ƙiba kuwa ita ce abokiyar gabar mai nau'i na biyu. Tana rage kitsen jini mai amfani, wanda yake kare jijiya. Na uku, in an yi ta an yi ta, ba a zare ta, sai ta gama aikinta, kuma bayan an daina, ciki yakan ɗauki kimanin wata 10 daga allurar ƙarshe kafin ya samu. Ga mai suga da ke son ta daidaita suganta ta ɗauki ciki a daidai lokacin da ya yi kyau, wannan jinkirin yana ɓata lissafi. Ta wata biyu, Noristerat, hukuncinta ɗaya da ta wata uku. Wadda ciwon ya taɓa mata ido ko ƙoda, ko awonta ya kai 160 bisa 100, ina gaya mata kai tsaye: "Hajiya, allura ba taki ba ce, amma ga biyu da suka fi ta ƙarfi."

Ƙarfin kuwa da lamba nake nuna shi, don lamba ta fi shiga kai. Cikin mata 100 a shekara guda, yadda mutane suke amfani da su a zahiri da mantuwa da makara, kusan 7 suna ɗaukar ciki a kan ƙwaya, 4 a kan allura, 13 a kan kwaroron roba na maza, 20 a kan azalu. A kan ashanar fata da robar mahaifa ba a kai mutum 1 ba. Ga macen da ke shan lisinopril kuma HbA1c ɗinta ya haura 10, bambancin 7 da ƙasa da 1 ba ƙaramin abu ba ne. Ra'ayina ke nan kuma ba na ɓoye shi, amma zaɓin nata ne. In maigida ya biyo ta, nakan shigo da shi in ta yarda, in nuna masa takardar suga da hannuna. Maza da yawa da suke jin kalmar tazara su ɗaure fuska, in aka ce musu hutu ne har sugan ya daidaita don a samu lafiyayyen ɗa uwar kuma ta tsira da idonta da ƙodarta, sukan sauko.

Kafin a sa komai sai an tabbatar babu ciki. Al'ada ta fara cikin kwana 7 da suka wuce? Ba a sadu ba tun al'adar ƙarshe ko tun haihuwa? Ta haihu cikin mako 4? Ta yi ɓari cikin kwana 7? Jaririnta bai kai wata 6 ba, nono zalla yake sha, al'ada ba ta dawo ba? Tana kan wata hanya ba fashi? In ta amsa e ga ɗaya kuma ba alamar ciki, a ci gaba. Masu suga da yawa al'adarsu ba ta da tsari, musamman masu ƙiba, sai su ɗauka sun daina ɗaukar ciki. Maganin suga metformin da rage nauyi suna iya dawo da saukar ƙwai ba sanarwa. In an yi shakka a yi gwajin fitsari, in saduwar ta kusa-kusa ce a ba ta kwaroron roba ko ƙwaya mai sinadari ɗaya, a maimaita gwajin bayan mako 3 zuwa 4. In an sadu ba kariya cikin kwana 5, ƙwayar gaggawa irin Postinor-2 ba ta da shinge ga mai suga, kuma gara a sha da wuri.

Abu ɗaya da nake jaddadawa ranar sakawa: kada ta zo da yunwa. Wasu suna ɗauka duk abin da za a yi a asibiti sai da azumi, sai su yi insulin ko su sha ƙwayar suga glibenclamide da asuba, su ƙi karyawa, su zauna a layi har azahar. A kan gadon sai gumi ya karyo, hannu ya kama rawa. Wanda bai sani ba zai ce jirin da wasu ke yi ne in an taɓa bakin mahaifa. A soki yatsa nan take. In ya gaza 3.9, ko 70 a ɗaya na'urar, a dama suga cokalin shayi 3 zuwa 4 a ruwa ta sha, a sake awo bayan minti 15, sannan ta ci abinci. In kuwa akasin haka ne, suga ya yi sama sosai, ga amai, ga ƙishirwa, ga numfashi sama-sama, wannan ba ranar tazara ba ce, ɗakin gaggawa za a kai ta. Suga mai ɗan hawa ba tare da waɗannan alamun ba ba ya hana sakawa.

Ashanar fata iri biyu aka fi samu. Implanon tsinke ɗaya ne, shekara 3. Jadelle tsinke biyu, shekara 5. Ana sa ta a cikin damtsen hannun da ba ta fi aiki da shi ba, kimanin santimita 8 zuwa 10 sama da ƙashin gwiwar hannu na ciki. A wanke hannu, a sa safar hannu, a goge fatar da maganin kashe ƙwayoyin cuta daga tsakiya zuwa waje, a bar shi ya bushe. Mai suga ba ta da rangwame a nan, domin ƙaramin rauni a jikinta yana iya zama gyambo. In akwai ƙurji ko maruru a wurin, a koma ɗaya hannun. A yi allurar kashe zafi, kimanin mililita 2, a ƙarƙashin fata daidai layin da tsinken zai bi. A ɗaga fatar da bakin abin sakawar yayin turawa, don tsinken ya kwanta dab da fata. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a nitsar da shi cikin tsoka, musamman a hannu mai kitse, sai ranar cirewa a neme shi a rasa. Bayan an gama ina shafa shi da yatsana, in kama yatsanta in ɗora ta ji shi ita ma. A rufe da filasta, a naɗe da bandeji. Wurin ya zauna a bushe kwana 4. In an sa ta bayan kwanakin farko na al'ada sun wuce, a yi amfani da kwaroron roba kwana 7. Kuma kada ta yi allurar insulin a kusa da wurin. Ja, zafi mai ƙaruwa, ruwa ko mugunya, ta dawo a ranar, kada ta jira.

Robar mahaifa ita ce wadda aka fi tsoro, ita ce kuma mafi dacewa da mai suga. An daɗe ana cewa tana jawo wa masu suga ciwon sanyi, har wasu ma'aikata suna hana su, amma ƙa'idar da ake bi yanzu ba ta goyi bayan wannan hanin ba. Mai jan ƙarfe ba ta da sinadarin da zai taɓa suga ko hawan jini ko nauyi, tana kai shekara 10 zuwa 12, ranar da aka cire ta kuma haihuwa ta dawo. Ana fara duba mara da hannu biyu a san girman mahaifa da inda ta karkata, a sa abin buɗawa a ga bakin mahaifa. A nan dole a bambance abu biyu. Farin ruwa mai kauri kamar dagargajajjen kindirmo, da ƙaiƙayi, wannan naman gwari ne da yake yawan damun masu suga. Ba ya hana sakawa, a ba ta magani, a kuma gane cewa yawan dawowarsa alama ce suga bai daidaita ba. Amma mugunya daga bakin mahaifa, ko zafi in an motsa shi, ko zazzaɓi da ciwon mara, wannan sai an yi magani an warke tukuna. In komai lafiya, a goge bakin mahaifa, a riƙe shi, a auna zurfinta, wanda yawanci yake tsakanin santimita 6 zuwa 9. A loda robar tana cikin ledarta ba tare da hannu ya taɓa ta ba, a shigar da ita har ƙuryar mahaifa ba tare da ta goga bangon farji ba, a yanke zaren a bar kimanin santimita 3. In aka bar ta ƙasa-ƙasa, ita ce take sa ciwon mara, ta zame ta fito.

Aibinta jini ne. Wata 3 zuwa 6 na farko al'ada takan yi yawa ta yi ciwo. Wadda na ja fatar idonta na ga fari fat, ko wadda al'adarta dama mai yawa ce, nakan karkata da ita zuwa robar mai sinadari in akwai, domin ita rage jini take yi, tana kuma kai shekara 5. Ƙoda in ta fara gajiya tana kawo ƙarancin jini, don haka wannan zaɓin yana da muhimmanci ga masu daɗaɗɗen suga.

Mai jego tana da nata lissafin. Ana iya sa robar mahaifa cikin awa 48 da haihuwa, ko a lokacin tiyata, in ya wuce sai bayan mako 4. Ashanar fata da ƙwaya mai sinadari ɗaya irin Microlut ana iya fara su tun kafin a sallame ta. A tsohuwar ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya allura sai mako 6 ga mai shayarwa, amma yanzu an sassauta wannan. Ƙwaya mai sinadari biyu a bar ta har wata 6. Microlut tana da sharaɗi mai tsauri: kullum a lokaci ɗaya, in an makara fiye da awa 3 sai a haɗa da kwaroron roba kwana 2. Nakan ce ta ɗaura ta da wata salla ko da allurar insulin ta dare. In ta yi amai cikin awa 2 da sha, ta sake shan wata. Shayarwa kanta tana hana ciki, amma sai sharuɗɗa uku sun cika tare: nono zalla dare da rana, al'ada ba ta dawo ba, yaro bai kai wata 6 ba. Jariran masu suga da yawa ana ba su madara tun kwanakin farko saboda sugansu yana faɗuwa bayan haihuwa, in aka ci gaba da haɗawa sharaɗin farko ya karye, kuma ta nan kwanika take shigowa. Wadda suganta na ciki ne kawai, ta yi gwajin shan ruwan suga giram 75 tsakanin mako 4 zuwa 12 bayan haihuwa, sannan duk shekara ɗaya zuwa uku, domin ciwon yana iya dawowa ya zauna. Kunun kanwa da ake ɗura wa mai jego, ga gero ga suga ga kanwa, nakan roƙi mai yi mata wanka ta sassauta shi.

Wadda ta gama haihuwa, ko likita ya ce wani cikin zai iya cinye ƙodarta, akwai ɗaure bututun ƙwai, abin da ake kira juya mahaifa, ko da yake ba a juya komai. Ba a kwancewa, don haka ba a yanke shawararsa a kan gadon naƙuda. A babban asibiti ake yi, bayan an daidaita suga don rauni ya warke.

Ranar dawowa ta farko, bayan mako 3 zuwa 6 ga mai roba, wata 3 ga mai ƙwaya ko allura, ina sake awon jini da nauyi, ina duba littafin da take rubuta suganta. Hanyoyin sinadari ba su cika canza buƙatar insulin sosai ba, amma nakan ce ta ƙara yawan awo a makonnin farko, in lambobin sun gusa likitanta ya gyara maganin. Ƙorafin da ya fi kawo mata shi ne ɗigon jini marar tsari a kan ashana ko allura, kuma ba ƙaramin abu ba ne ga mai salla da azumi. Nakan faɗa mata tun ranar farko cewa zai iya faruwa, ta riƙa rubuta kwanakin al'adarta ta asali, ta kai wa malami ko malama su bambance mata haila da jinin istihala. Nan ne kuma ma'aikaci yake iya yin ɓarna da kyakkyawar niyya. Abin da aka saba bayarwa don tsayar da ɗigon shi ne ibuprofen na kwana 5, ko ƙwaya mai sinadari biyu na ɗan lokaci. Ibuprofen da danginsa suna cutar da ƙodar da suga ya taɓa, ballantana in tana shan lisinopril. Ƙwayar kuwa ita ce dai wadda aka hana ta tun farko. A duba kati kafin a rubuta. Jinin da ya yi yawa, ko ya zo bayan saduwa, ko ya ɓullo bayan an daɗe ba a gani ba, a duba bakin mahaifa a yi gwajin ciki, kada a jingina shi ga maganin tazara kawai.

Hukuncin ba na dindindin ba ne. Wadda ta dace da allura tana shekara 30, bayan shekara biyar furotin na iya bayyana a fitsarinta, sai a sauya mata. Duk shekara a maimaita tambayoyin nan, a tura ta duban ido da gwajin ƙoda. Wadda ta doshi daina al'ada ta ci gaba da kariya shekara 2 bayan jinin ƙarshe in ba ta kai 50 ba, shekara 1 in ta haura.

In ta zo ta ce a cire, tana son ciki, haƙƙinta ne, ana cirewa. Amma nakan nemi ta ba mu wata uku tukuna, robar ko ashanar tana jikinta. A cikinsu ta fara folic acid mai miligiram 5 kullum, wanda ya fi na sauran mata ƙarfi, ta ci gaba da shi har ciki ya kai mako 12. Likita ya sauya lisinopril ko losartan zuwa methyldopa ko nifedipine ko labetalol, ya dakatar da maganin kitse, ya duba magungunan suga ya ga wanda za a bari da wanda za a maye da insulin. A duba ido, domin ciki yana iya tsananta abin da ya fara. A nemi HbA1c ya sauko ƙasa da 6.5 in zai yiwu ba tare da suga yana yawan faɗuwa ba, in kuma ya haura 10 a ƙara jira. In haihuwar baya ba ta kai shekara 2 ba, ko ɓari bai kai wata 6 ba, a sa wannan ma a lissafi. Ranar da takardun suka yi kyau, cire robar mahaifa jan zare ne na ɗan lokaci kaɗan, ashana kuma ɗan tsagi ne a ƙarshen tsinken bayan allurar kashe zafi. Ina rubuta mata a bayan kati cewa ranar da al'ada ta makara da mako ɗaya ta yi gwaji, in ya nuna ciki ta zo awo a wannan makon.